Ruwan da Ba Shi da Addini

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya bar wa ƙafafun bayinsa wahalar auna ta. Ni Shekarau ɗan Jatau, na bar garinmu ina tsakiyar ƙarfina domin neman sanin abin da ya gagari malamai, na kuwa bar jama'a tsaitsaye a ƙofar gari. Mai nono suke jira, amma dai a tsaye na bar su.

Labari ne ya fitar da ni. Wani falke ya sauka a unguwarmu, ya ce can bayan Tekun Toka akwai wani birni mai suna Tandarau, inda addinai uku ke zaune cikin ganuwa ɗaya tun kaka da kakanni, ba a taɓa fasa kan kowa ba. Ni kuwa na tashi a layin da masallatai biyu ke kallon juna, alƙibla ɗaya, littafi ɗaya, amma limaman ba sa gaisawa. Na yi karatu daidai gwargwado, har ya kai ni inda ba na karɓar labari sai na taɓa shi da hannuna. Na ce ko dai falken nan maƙaryaci ne, ko kuwa mutanen Tandarau sun san wani abu da mu ba mu sani ba. Ko wanne ne, ya isa mutum ya kashe takalmi a kansa.

Tekun Toka ba ruwa ba ne. Toka ce mai laushi, iyakar ganinka, wadda ke haɗiye raƙumi har tozonsa. Ba a ƙetare ta sai a bayan wata irin hawainiya mai girman giwa, wadda in ta ɗaga ƙafa sai ta yi dogon nazari kafin ta ajiye. A sama kuma akwai shahuna, kowanne inuwarsa ta kai rumfar kasuwa, ba sa ganin komai sai abin da launinsa ya saɓa da na toka. Hawainiyar takan rikiɗe ta saje. Mu fasinja sai dai mu tuɓe, mu shafe jiki da toka, mu kwanta rub da ciki. Akwai wani attajiri a cikinmu da ya ce jar hularsa ta gado ce, da ita ake gane gidansu, ba zai cire ba. Hular ta tafi kafin azahar. Ba ita kaɗai ta tafi ba.

Daga nan na ratsa wani kwari na duwatsu masu magana, inda mutane ke zuwa daga nesa neman fatawa. Na tambayi wani babban dutse ko hanyar da na gada ita ce daidai, ya ce i. Na ji daɗi. Na sake tambayarsa ko ni jaki ne, ya ce i. Na lura masu ziyara tambaya ɗaya suke yi su juya da sauri, fuska cike da haske. Ni ne na tsaya na yi ta biyu, na fita ni kaɗai ba haske.

Bayan tafiyar da ta ci takalmina ta fara taɓa fatar ƙafa, na hango Tandarau a kan wani baƙin dutse, hamada ta kewaye shi ta kowace fuska. A ƙofa na tarar da mai gadi zaune, yana korar ƙuda.

"Baƙo, Fitila, Gishiri ko Shiru?" ya ce.

Na ce ban gane ba.

"Addininka nake tambaya. Masu Fitila suna bauta da kunna wuta. Masu Gishiri suna ɗora gishiri a harshe kafin su roƙi Ubangiji. Masu Shiru ba sa cewa komai. Kai wanne ne?"

"Ni Musulmi ne, ɗan Musulmi."

"A cikin ukun, wanne kenan?"

Na gyara tsayuwa na fara yi masa bayani tun daga tushe, da rassa, da inda malamai suka saɓa. Ya saurara da haƙuri irin na wanda ba ya ji. Da na tsaya shan iska sai ya leƙa ciki ya ƙwala kira: "A gaya wa Sarkin Guga an samu hannu!"

A nan na sami ilimin da na fito nema, tun ban ko zauna ba. Tandarau rijiya ɗaya gare ta, a tsakiyar gari, mai zurfin da in aka saki guga da asuba sai rana ta fito yake dawowa. Mai Fitila ba ya shan ruwan da hannun mai Gishiri ya jawo. Mai Gishiri ba ya shan na mai Shiru. Mai Shiru bai ce komai ba, amma ba ya sha. A zamanin da, an ce, an yi ta zuba gawa a bakin rijiyar nan. Sai kakanninsu suka yi dabara: kada ɗayansu ya taɓa igiya. Ruwa sai wanda ba shi da addini zai jawo, don ya iso bakin kowa bai ɗauki ɓangare ba. Su ake kira 'yan Wofi. Duk wanda abin da yake bautawa ba ya cikin ukun nan, a lissafinsu ba ya bautar komai. Baƙi, da ɓatattun matafiya, da 'ya'yansu da jikokinsu, duk Wofi ne. Ana ba su tuwo da rumfar kwana. Sharaɗi ɗaya ne: ɗan Wofi ba ya addu'a. In aka kama shi yana yi, ya gurɓata ruwan gari, sai a buɗe masa ƙofa a sa shi cikin hamada. Su ba sa kashe kowa. Suna alfahari da hakan.

Sarkin Guga, wani gajiyayyen mutum mai suna Cindo, shi ma ɗan Wofi, ya damƙa mini igiya ya ce, "Malam, ka ja, ka ci, ka kwanta. Abin da ke cikin ƙirjinka kada ya hau leɓenka."

Na zaci abu ne mai sauƙi, don ko a gida ba a san ni a sahun gaba ba. Ashe harshena bai iya tafiya ba tare da sunan Allah ba. In na yi atishawa yana nan. In na yi tuntuɓe yana nan. Godiya, gaisuwa, mamaki, har ƙarya in zan yi, da shi nake jingina ta. Da na cire shi daga maganata sai na ga abin da ya rage bai kai a buɗe baki dominsa ba. Na yi shiru. Sauran ma haka. Mukan jeru a kan igiya ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, gumi na haɗuwa, amma ba wanda ya san daga ina na kusa da shi ya fito, don tambayar garin mutum takan kai ga tambayar abin da ake bautawa a garin. Ban taɓa zama cikin mutane da yawa haka ba, ban kuma taɓa rasa abokin magana haka ba. Wani abin ban haushi, sallar da a gida sai an tashe ni, a nan ta riƙa tashina da kanta. In rana ta karkata sai in ji lokacin a jikina kamar yunwa, in ci gaba da jan igiya.

Mutanen gari kuwa ba mugaye ba ne, wannan ya fi komai ɓata mini rai. Kowane addini a cikin ukun yana da babin tausayin talaka, kuma suna karanta shi. Ranar idinsu sukan aiko mana da ragowar nama. Sukan tsaya nesa kaɗan su miƙo tulu, su ce, "Sannunku da aiki, bayin babu."

A gabana kan igiya akwai wata tsohuwa, Iya Kyallu. A bakin rijiyar aka haife ta. Bayanta ya lanƙwashe daidai da yadda ake ja, har in ta saki igiya ma kamar tana ja take tafiya. Ranar da tafin hannuna ya fashe, ita ta kama shi, ta tauna wani ganye ta tofa, ta ɗaure da ƙyallen zanenta. Daga nan kullum takan gutsuro mini ɗumamenta. Kunnenta ya yi nauyi, saboda haka zancenmu bai wuce ta ce "Ɗan nan, ci," ni kuma in ci.

Ni na fara lura. Duk safiya, in gugan farko ya iso, takan tsoma yatsa ta taɓa goshi, leɓenta ya motsa. Da farko motsi ne kawai. Amma kurumta na ƙaruwa, ita kuma ba ta jin muryarta, raɗa ta zama ƙus-ƙus, ƙus-ƙus ya zama magana. Har na haddace abin da take cewa: "Mai riƙe da ruwa a ƙarƙashin dutse, ka tuna da waɗanda ba a lissafa." Nakan yi tari da ƙarfi don in rufe. Sarkin Guga ma ya kamu da tarin. Wata safiya tari ya zo mana a makare, wata mata mai Fitila da ta yi sammako ta ji, ta saki tulu ya fashe.

Aka kai Iya Kyallu gaban shugabannin gari uku, ƙarƙashin wata rumfar dutse. Uban Fitila ƙato ne mai ƙanshin man gyaɗa. Uwar Gishiri siririya ce, leɓenta duk ya tsattsage don ibada. Uban Shiru kuwa tsoho ne da ba wanda ya taɓa jin muryarsa, shi ya sa kowanne cikin biyun yake cewa ra'ayinsu ɗaya da shi. Aka tambaya ko akwai mai magana a madadinta. 'Yan Wofi suka dubi ƙafafunsu. Na miƙe. Ba jarumta ba ce, na daɗe ban yi gardama ba, bakina na ƙaiƙayi. Kuma na san nisan hamadar nan, na san ƙafafun Iya.

"Ranku ya daɗe," na ce, "ni baƙo ne, tambaya kawai gare ni. Tun yaushe tsohuwar nan take jan ruwa?"

"Tun ba a haife ni ba," in ji Uban Fitila.

"To, ranka ya daɗe, da wane ruwa aka yi maka wankan farko?"

Na ci gaba.

"Da wane ruwa aka wanke mahaifinka da ya rasu? Ranki ya daɗe, gishirin da kike ɗorawa a harshe, da wane ruwa ake tace shi? In abin da Iya ke yi addu'a ne, ai ba yau ta fara ba. Kenan duk wanda ke cikin ganuwar nan, da wanda ke kwance a maƙabartarku, addu'ar Iya ce ta raine shi. Sai a sake kowace ibada daga farko. Matattun ne ban san yadda za a yi da su ba."

Rumfa ta yi tsit, har aka rasa gane waye mai Shiru waye ba shi ba. Na bar su suka ɗan jiƙa, sannan na buɗe musu ƙofa.

"Amma ni a ganina tsufa ne. Haƙora sun zube, leɓe na rawa, iska na fita. Kakata ma haka ta yi. Wanda ya ji daga nesa sai ya zaci magana ce."

"Tsufa ne!" in ji Uban Fitila, har yana share gumi.

"Na daɗe ina zargin haka," in ji Uwar Gishiri. "Ta faɗa da bakinta, a sallami kowa."

Na durƙusa kusa da kunnen Iya, na ɗaga murya. "Iya, ki ce musu ba addu'a kike yi ba, leɓenki ne ke rawa!"

"Wa ke rawa?"

"Leɓenki, Iya! Ki ce tsufa ne!"

Ta dube ni, ta dubi manyan uku. Ta gyara ɗaurin zane.

"Addu'a ce," ta ce, da irin muryar kurame wadda ake ji har bayan gari.

"Iya, don girman..." Na haɗiye sauran. "Iya, korar ki za su yi!"

"Ɗan nan, uwata ba ta bar mini zane ba, ba ta bar mini tukunya ba. A ƙasarsu, ta ce, addu'ar doguwa ce, ana yin ta da ganga, ita wannan guntun kaɗai ta riƙe. Shi ta ba ni. Yau don na tsufa sai in ce kaɗawar leɓe ce? Kai ka iya magana, Allah ya ƙara maka. Amma addu'a ce. Kuma har da su nake sawa, in suna so su sani."

Na zauna a ƙasa. Na gina mata gada mai kyau, ta tsaya a bakinta ta ce ba ta hawa. Uban Fitila ya dubi Uwar Gishiri, ita ta dubi rufin rumfa. In sun kore ta, sun yarda ruwan da ke jikinsu gurɓatacce ne. In sun bar ta, ga abin da ta faɗa a gaban kowa.

Sai Uban Shiru ya motsa. Ya ɗaga yatsa a hankali, ya kai gefen kansa, ya juya shi sau biyu.

"Abin da nake shirin faɗa kenan," in ji Uban Fitila.

Nan take aka yanke hukunci: Iya Kyallu taɓaɓɓiya ce. Mahaukaci ba shi da addini, abin da ya fito daga bakinsa iska ne, ruwan da ya jawo halal ne ga kowa. A mayar da ita bakin aikinta.

A hanya ta ja rigata. "Me suka ce?"

"Sun ce ke mahaukaciya ce, Iya!"

"Ba kora?"

"Babu!" Na ƙara da cewa, "Ba ki ji haushi ba?"

"Su suka faɗa, ba ni ba," ta ce. Ta ɗan yi tafiya. "Kenan gobe ba sai na yi a hankali ba?"

Washegari gugan farko ya iso, Iya ta tsoma hannu har wuyansa, ta ɗaga kai ta yi addu'arta da ƙarfin da tantabaru suka tashi daga ganuwa. Masu tulu suka kau da kai, wata ta ce, "Kaico, baiwar babu."

Ba a yi mako ba hauka ya ɓarke a bakin rijiya. Wani dogon mutum da ke bayana kan igiya, wanda ban taɓa jin ko tarinsa ba, ya buɗe baki ya kama waƙar coci da wata murya kamar ta fito daga cikin rijiyar. Ashe Istifanus ne sunansa, ashe ma daga ƙasashen da ke maƙwabtaka da tamu yake. Aka kai shi gaban manya, Uban Shiru ya juya yatsa, aka dawo da shi. Wata mata ta fara gaida rana da tafi. Wasu 'yan'uwa biyu suka riƙa zuba wa kakanninsu ɗigon ruwa a ƙasa suna kiran sunayensu. Kowa aka kai, yatsa ya juya, don manyan sun gane ko dai hauka ko ƙishirwa. Har Sarkin Guga aka wayi gari ya taɓu. Igiya ta cika da hayaniya, kowa da nasa, ba mai gyara wa wani. Sai ga mutane suna tambayar juna sunan gari.

Na jira har na tabbata hanya ta taku, don ni ba na gaggawa cikin abin da ke da hamada a ƙarshensa. Rannan da rana ta karkata na saki igiya, na ɗebi ruwa na yi alwala, na nemi gabas na kabbara. Ban san tsawon lokacin da goshina ya yi a kan dutsen nan ba. Wani abu ya shiga idona, ƙila ƙura. Da na sallame, dogarai na tsaye suna jirana cikin ladabi.

Na shiga rumfar ina murmushi, ina kallon yatsan Uban Shiru. Yatsan bai motsa ba.

"Ba kai ne ka tsaya a nan ka ɗaure mu da hujja ba?" in ji Uwar Gishiri.

"Ranki ya daɗe, abin ya same ni ne daga baya."

"Mu muka ji ka da kunnenmu," in ji Uban Fitila. "In muka ce kai mahaukaci ne, to hujjar mahaukaci muka bi kenan. Kai lafiyarka ƙalau."

Na ga abin zai lalace. Na cire hula na ɗora a ƙafa, na buɗe hannuwa na yi cara irin ta zakara, har sau uku, da iyakar gaskiyata.

Uwar Gishiri ta gyaɗa kai. "Sai mai hankali ne zai san daidai lokacin da ya kamata ya yi cara."

Hukunci: Shekarau baƙo mai cikakken hankali ne, saboda haka abin da ya yi a bakin rijiya ibada ce ta gaske. A zubar da ruwan da ya jawo yau. Na jiya da na shekaranjiya ba wanda ya ga dalilin tambaya. A buɗe masa ƙofa.

Da hantsi aka raka ni. 'Yan Wofi ba su da izinin barin igiya, sai Iya Kyallu, don ba a tsare tsohuwar mahaukaciya. Ta biyo ni har bakin ƙofa tana jan wata salka da ta kusa fin ta nauyi. Ta rataya mini, ta tsoma yatsa a bakin salkar ta taɓa goshina, ta yi addu'ar nan tata a kaina, mai gadi na kallon gefe.

"Iya, ni fa addinina daban ne!" na ce a kunnenta.

"Na sani, na ga kana dungure. Sha dai kaɗan-kaɗan."

"Ki zo mu tafi!"

"In na tafi wa zai yi musu addu'a? Kai dai ka cika wayo, ɗan nan. Da ka rage."

Ta juya ta koma, a lanƙwashe, kamar tana jan wani abu da ba na gani. Ƙofa ta rufe. Na tsaya ina jin hayaniyarsu daga can ciki, muryar Istifanus a ƙasa, ta Iya a sama, sauran a tsakani. Ban taɓa jin taron da na so shiga kamarsa ba. Na saɓa salka na fuskanci hamada. Ruwan ya kai ni har inda na ci karo da ayarin masu kanwa, da ɗan saura a gindi.

Matafiya sun ce Tandarau na nan zaune lafiya, addinai uku cikin ganuwa ɗaya, ba a fasa kan kowa ba. A duk tarihin rijiyar, mutum ɗaya aka taɓa tabbatar yana da hankali, shi ne kuma aka kora.